Kwalbar Malam a Teburin Mai Rini

Duk asibitin Mai Rini ake ce mata, alhali ko ɗankwali ba ta taɓa rinawa ba. Shekara ashirin da biyu ta yi a wani ɗaki na ƙasan bene mai warin magani, inda ake kawo 'yar tsokar da likitoci suka tsinko daga jikin marasa lafiya. Ita ke daskarar da tsokar cikin kakin kyandir, ta yanka ta siririya fiye da ɓawon albasa, ta shimfiɗa a gilashi, ta zuba mata launi. Sannan Tsohuwar Likita, shugabarsu, ta duba a madubin ƙara girman abu ta faɗi abin da ta gani.

Tsohuwar ce ta taɓa fayyace mata amfanin launin. "Kowace ƙwayar halitta a jikinmu da ajalinta," in ji ta. "In ta lalace, akwai wasu furotin da ke kai mata saƙo: ya isa, ki mutu. Sai ta mutu salin-alin. A kansar ciki 'yan saƙon nan kan yi shiru, ko a tare musu hanya. Lalatacciya ta ƙi mutuwa, ta yi ta hayayyafa har ta tsallaka maƙwabta. Launinki ke nuna mini ko suna nan."

Mijinta mai walda ne, ƙato, mai ci kamar gara. Da tsokana yake kiranta Likita. Sai ga shi loma uku ya ture kwano. Wata rana ta same shi yana ƙara huda a bel ɗinsa da ƙusa.

"Malam, tun yaushe wandon nan ya yi maka yawa?"

"Haba Likita, gyambon ciki ne. Ke kowa kika kalla tsoka kike gani."

Ba ta yi dariya ba. Sati biyu tana magiya kafin ya yarda aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro.

Ranar Laraba da hantsi kwalbar tsokar da aka tsinko masa ta iso teburinta. Ba sai ta karanta suna ba, ita ta yankar masa kati, ta haddace lambar. Ranar da ta zo yankawa, sau uku tsokar na naɗewa a bakin wuƙa. Dogo, abokin aikinta, ya matso.

"Yaya, kawo in ƙarasa."

"In kai ka yanka, zan ce ba ka yanka daidai ba."

Da gilashin ya kai ga Tsohuwar Likita, Mai Rini ta tsaya a bayanta. Tsohuwar ta daɗe ba ta ɗago ba.

"'Yan saƙon suna nan?" in ji Mai Rini.

"Ƙalilan ne, 'yata. Zauna."

Ba ta zauna ba, sulalewa ta yi ƙasa tana salati.

A shagonsa ta same shi. Ya ɗage gilashin walda, ya kalli fuskarta, ya kashe injin. Bai tambaye ta komai ba sai, "Yaran sun sani?"

Aka yi masa aiki, aka cire fiye da rabin cikinsa, tare da kaluluwa goma sha shida don a ga ko ciwon ya tsallaka. Wannan karon ta bar wa Dogo wuƙa. Kwana biyar tana wuce teburinsa da kai a sunkuye, ko tari ya yi sai ta waiwaya. A biyu daga cikin kaluluwar aka samu ciwon, sauran lafiya lau.

Wata shida Malam ya yi ana ɗura masa magani ta jijiya. Ya rame, ya yi amai, ya yi faɗa da kowa, amma ya tashi. Yanzu ya koma shago, ƙananan ayyuka yake karɓa, yana ci kaɗan-kaɗan sau shida a yini.

Duk bayan wata shida ana yi masa hoto. Tun saura sati Mai Rini take daina magana a gida, ta yi ta wanke abin da ba shi da datti. Na baya-bayan nan ya fito lafiya. A bakin ƙofar asibiti Malam ya tsaya sayen lemo, ita kuwa ta nemi dakali ta zauna.