Langunan da na sayo wa Inna a Shinkafi

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, ni da wani abokina da muke aji ɗaya a makarantar yaƙi da jahilci, amma motar Shinkafi ba ta bar tashar Ƙaura ba sai da rana ta ɗaga sosai. Direba ya ce shi ba zai zama na farko a kan hanya ba. Sai da motoci biyu suka iso daga can, ya tambayi direbobinsu lafiyar hanya, sannan ya tayar da inji. Kafin nan na zauna na miƙe ya fi sau goma, har abokina ya tambaye ni ko bencin tasha yana da ƙaya ne.

Abin da ya fito da ni shi ne Inna, mahaifiyata. Wata huɗu ke nan da na ɗauko ta daga ƙauyenmu na bayan Badarawa saboda 'yan bindiga, ba mu fito da komai ba sai tufafinta. A falon gidan da nake haya take wuni, nan kuma take kwana. Bango huɗu ne na siminti, babu ko ƙusa a jiki. Kullum sai ta dubi bangon ta ce, "Wanga ɗaki awa asibiti. Ni gida za ni." A makon nan ta ƙara da cewa in Juma'a ta sama ta zo za ta tafi, ko da ƙafa ne. Na san Inna, in ta faɗi abu tana yin sa. Shi ne na yanke shawarar in mayar da falon ya yi kama da ɗakinta na ƙauye, ko hankalinta zai kwanta. Sabon kaya ya fi ƙarfina, sai dai na gwanjo, kuma kowa ya ce mini kasuwar Shinkafi ce wurinsu.

Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi bara. Hanyar kuwa ramuka ne da shingayen jami'an tsaro, a sauka a hau. Gonakin da ke bakin titi sun yi kyau, dawa ta fitar da kai, amma in ka ɗaga ido can ciki sai ciyawa, ba wanda ya noma. Mu tara ne a motar kuma babu mai magana. Da babur ya ɓullo daga daji, sai wuyan kowa ya juya lokaci ɗaya. Abokina ne kaɗai ke karanta allunan bakin hanya da ƙarfi, harafi bayan harafi, kafin ya gama suna ɗaya mun wuce garin. A Moriki muka tsaya shan mai, na sayi hoce, wato wainar dawa, da ƙuli-ƙuli, na ci rabi na kasa ƙarasawa. Da muka zo mararrabar da ke shiga ƙauyenmu, na dubi takalmina har muka wuce.

Kasuwar Shinkafi ta cika, har da fatake daga Nijar, sai dai kowa sauri yake yi, don ba mai son la'asar ta same shi a hanya. Na fara da wani malami mutumin Zurmi da ke sayar da allunan zayyana, masu zanen ja da rawaya da kore. Masu lafiya sun yi mini tsada. Akwai ɗaya da ya ɗan tsage a gefe, ya bar mini shi a rabin kuɗi, ya ce in na rataye shi ta wajen kusurwa ba mai gani. Na sayi faya-fayi biyar wurin wasu mata, kowane da kalar saƙarsa, da tsohon madubi mai katako. Abokina ya matsa in ɗauki wani agogon bango da ba ya tafiya, wai ado ne ake nema ba lokaci ba. Na ƙi.

Daga nan muka shiga layin dillalai mata. Ban taɓa ganin kayan ɗaki da yawa haka a wuri ɗaya ba: kwalla, tasoshi, gadajen ƙarfe, turame, har da kujerun tsuguno da hannu ya goge su suka yi sulɓi. Kuma da araha. Murna kawai na yi, ban tsaya na tambayi kaina dalilin arahar ba. A gaban wata tsohuwar dillaliya na ga languna shida, wato kwanukan nan masu marfi da mata ke jerawa a ɗaki, farare masu jan fure, irin na Inna sak.

"Alhaji, amarya za a yi?" in ji ta.

"A'a Baba, tsohuwa zan lallaɓa."

"To ai ta fi amarya wuya. Ɗauka duka."

Na ƙwanƙwasa kowane da yatsa, na gwada marafan, na ɗaga su a rana in ga ko akwai huji. Duk lafiya. Na biya ina jin na yi gwaninta.

A dawowa langunan na kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai marafan su ɗauki kaɗe-kaɗe. Wani dattijo a bayana ya taɓa kafaɗata ya ce, "Bawan Allah, rarrashi kayanka, kada a jiwo mu daga daji." Na tuɓe babbar rigata na naɗe su, na rungume har Ƙaura. Mun iso ana shirin kiran magariba.

Washegari da hantsi na aro guduma na fara buga ƙusoshi. Inna na zaune a tabarma tana kallo. Na rataye allon ta wajen kusurwa, ta ce Masha Allah. Na jera faya-fayin, ta ce na huɗun ya karkace, na gyara. Zuciyata ta fara sanyi, don rabon da ta gyara mini wani abu a gidan nan tun zuwanta. Sai na kwance rigar na ajiye langunan a gabanta.

Ba ta dubi furen ba. Ta ɗauki na farko ta kifa shi, ta dubi gindinsa. Ta ɗauki na biyu ta kifa. Haka har na shida. A gindin kowane akwai ɗigo biyu na koren fenti da ɗan layi a ƙasa. Mata suna sa wa kwanukansu irin wannan alama don kada su ɓace in an kai abinci gidan biki ko suna, kuma kowace mace a ƙauye ta san ta 'yar'uwarta. Ni da na shekara arba'in da wani abu ina cin tuwo a cikin irinsu, ban taɓa kifa ko ɗaya ba.

"Ina ka samo wanga kaya?"

Na faɗa mata.

"Na Hajo ne," ta ce.

Hajo ƙawarta ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma shekara ɗaya aka kawo su garin suna amare. Inna ta ce ko a shekarar da fari ya cinye gero, Hajo ta sayar da akuyarta da zannuwanta amma ba ta taɓa langunan nan ba. Ta daɗe tana shafa fentin da babban yatsa, sannan ta ce, ba ni take kallo ba, "In Hajo ta sai da wagga, to ba kowa can."

Na ajiye gudumar a ƙasa. Can ta ce kada in kuskura in jera su, ba namu ba ne. Ta wanke su da kanta, ta ɗaure a zane ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ajiya ce har a ga mai su. Sannan ta nuna bango ta ce in sauko da faya-fayin ƙasa kaɗan, inda hannunta zai kai, don faifai na aiki ne, kuma ita ba ta iya zama wuri tana roƙon a miƙo mata.

Juma'ar da ta ambata ta zo ta wuce, ba ta sake zancen tafiya ba. Na samu abin da na fita nema, amma ba adona ne ya kawo shi ba, kuma ban iya yin murna yadda na zata ba. Na ba direban da ya kai mu saƙo wurin dillaliyar, ko ta tuna wanda ya kawo mata kayan da inda suka nufa. Har yau ba amsa, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai Inna ta ɗaga kai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Kayan gwanjo sun yi araha a kasuwanninmu ne saboda masu su sun bar gidajensu. Ba na hana kowa saye, ni ma allona da faya-fayina suna nan sun ƙawata falo. Amma in ka ɗauki kwano a gaban dillaliya, ka kifa shi tukuna ka dubi gindinsa. Wataƙila akwai wadda za ta gane shi a gidanku.