Yadda Muka Kai Allurar Gwaggo Damagaram

Daga Madabo zuwa Ƙofar Ruwa

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da Gwaggo Rakiya, yayar mahaifina. Tana gaba da sandarta, ni ina baya rungume da wata 'yar shuɗiyar kula kamar mai jego da jinjiri. A cikin kular nan akwai allurar sugarta guda biyu, irin masu kama da biro, na naɗe su da tawul na ɗora a kan ƙanƙara. Bayan ikon Allah, lafiyar Gwaggo a tafiyar nan a kansu ta rataya.

Ƙanwarta Zulai ce ba lafiya a Damagaram, inda aka kai ta aure tun kafin a haife ni. Mu asalinmu fataken Larabawa ne da suka biyo ayarin raƙuma suka zauna a cikin birni, shi ya sa danginmu suke warwatse a kan tsohuwar hanyar arewa. Da aka aiko cewa jikin ya yi tsanani, yayyena suka ce a haɗa su a waya su ga juna. Gwaggo ta ce, "Zumunci a ƙafa yake, ba a gilashi ba."

Likitarta ta yarda, amma ni ta ja wa kunne. Ta ce maganin nan kada ya sha zafi, kada kuma ya daskare. In ya lalace ba lallai a gane da ido ba, sai jikin mai shi ya faɗa, kuma irin wanda Gwaggo ta saba da shi ba tabbas a samu a can. Ga shi tsakiyar bazara ce, lokacin da ko ƙadangare yake neman inuwa.

Muna ƙofar gida Gwaggo ta tsaya ta buɗe randarta. Randa ce da ta girke a cikin jiƙaƙƙen yashi don masu wucewa, tun rasuwar mijinta, da moɗa ɗaure a jiki. Na ce, "Gwaggo, mota za ta cika fa!" Ta ce, "Uwata, gaggawa aikin shaiɗan." Uwata take kirana saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Sai da ta tabbatar randar a cike take, ta bar wa maƙwabta amanarta, sannan muka hau adaidaita sahu.

A tashar Ƙofar Ruwa muka samu ƙaramar mota mai zuwa Damagaram kai tsaye. Direban, Malam Sale, ya miƙo hannu zai saka kular a but.

"A'a, malam, wannan a cinyata za ta zauna."

"Hajiya, zinare ne a ciki?"

"Da zinare ne da na ba ka."

Ya yi dariya ya ba mu bakin taga. Kusa da Gwaggo aka zaunar da wata yarinya mai tsohon ciki, Ramatu, mijinta zai kai ta goyon ciki gidansu a Matamai. Kafin mu fita gari Gwaggo ta san sunan uwarta da watan haihuwarta.

Kazaure da Daura

Da sanyin safiya muka wuce Kazaure, duwatsunta na ta hannun dama. Hantsi ya ɗan ɗaga muka shiga Daura, aka tsaya karin kumallo. Gwaggo ta juya wa mutane baya, ta ja mayafi, ta yi wa kanta allura cikin natsuwa kamar mai saka zare a ido. Ni da nake kallo ni ce na runtse ido. Ta ci ƙosai da shayi ba suga, ta miƙa wa Ramatu gurasa daga cikin tsarabar da muka ɗauko.

Shirina shi ne in ƙara ƙanƙara a Daura. Na zaga masu sayar da ruwa kaf, kowa amsarsa ɗaya: ba wuta tun shekaranjiya. Wani ma ya buɗe mini firjinsa na ga tabarma a ciki! Na leƙa kular, rabin ƙanƙarar ya zama ruwa. Na lissafa a raina cewa in mota ta yi gudu za ta kai mu. Na dawo na tsare Malam Sale da ido har ya ajiye kofinsa bai shanye ba.

Kongolam

A bakin iyaka aka sauke mu duka. Wani jami'in kwastan, dogo mara fara'a, ya nuna kular da sanda. "Buɗe." Na buɗe ina addu'a a zuci, don na ji labarin yadda ake juya kaya a rana. Yana ganin alluran ya dubi Gwaggo, sai fuskarsa ta sake.

"Rufe, rufe maza kada zafi ya shiga. Mama, tun yaushe?"

"Ya daɗe, ɗana. Mun saba da juna ni da shi."

"Tsohuwata ma ita take yi. Allah ya ƙara sauƙi."

Da kansa ya kai mu gaban layi, ya kuma yi wa jandarmomin tsallake magana. Ban san sunansa ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Tsakanin iyaka da Matamai

Ba mu yi nisa ba muka ji wani ƙara a gaban mota, sai tururi. Fambel, wato robar da ke juya fankar injin, ya tsinke. Malam Sale ya tare wani mai babur ya tafi Matamai nemo bakanike, ya bar mu a gefen titi rana tana tsaka. Inuwar da ke wurin ta wata aduwa ce mai ganye kamar an ƙirga. Na cire ɗankwalin da ke jakata na lulluɓe kular, na zauna na kare ta da jikina.

Can sai na ji mijin Ramatu yana salati. Yarinyar ta sulale a jikin motar, leɓenta ya bushe, idonta ya juye. Ruwan da ke hannun kowa ya yi zafi kamar na wanka. Ana ta fifita da kwali, ba ta motsa ba.

Gwaggo ta ce, "Uwata, miƙo kular nan."

Na gane abin da take nufi, na ƙara ƙanƙame ta. Na ce, "Gwaggo, wallahi ita ke nan. In ta ƙare maganinki ya tafi, kuma nan ba Kano ba ce. Me zan ce wa yayyena?"

"Ƙanƙarar taki ce ko tawa?"

"Taki ce, amma..."

"To miƙo. Rai biyu ne a kwance. Da wane ido zan kalli Zulai in na tsallake wannan na je mata da sanyin magani?"

Hawaye na zuba na miƙa. Haushi nake ji, tsoro nake ji, kuma a lokaci guda ban taɓa ganin girman matar nan kamar ranar ba. Ta zaro alluran da tawul ɗinsu ta ba ni, ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo, ta ƙulla ƙanƙara a gefen mayafinta tana goga wa Ramatu a wuya da goshi da hammata. Da yarinyar ta buɗe ido, ta riƙa ba ta ruwan sanyin kaɗan-kaɗan. Kafin wani lokaci ta tashi zaune tana tambayar ina takalminta. Kowa ya yi hamdala, ni kuwa ina duban kula wayam.

Tawul ɗin da ke hannuna ya fara ɗumi. Gwaggo ta miƙe, ta kare ido da tafin hannu tana duban gabas. Can nesa akwai wata tsamiya da 'yan rufin ciyawa a bayanta.

"Kin ga hanyar ƙafar can da ta bar titi ta nufi bishiyar? Ba banza mutane suke ratsewa ba. Akwai randa."

"In babu fa?"

"In babu mun sha inuwa."

Haka muka taka, tana dogara sanda, ni na cusa tawul ɗin a ƙarƙashin hijabi ina riƙe da shi nesa da jikina. Ikon Allah, randuna har biyu a gindin tsamiyar, an binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi, ga faifai a rufe, ga moɗar duma a rataye. Na taɓa jikin ɗaya, sanyinta ya ratsa ni har ƙeya. A gida ma in wuta ta daɗe ba ta zo ba, gefen randa Gwaggo take ajiye maganin, kuma likitarta ta san da haka. Ni dai ban taɓa kawo wa raina za mu samu irinta a dajin Allah ba.

Mai randunan ta fito, wata tsohuwa siririya da ake kira Iya Habsu. Na fara zuba bayani, ta ɗaga mini hannu. "Ku sha tukuna." Sai da muka sha ta saurare ni. Ta shiga gida ta fito da ƙaramin tulu da tsohon buhun algarara. Muka ƙulle alluran a leda biyu, muka ɗaura zare muka zura su cikin ruwan tulun, muka jiƙa buhun muka naɗe shi.

Ni hankalina na kan titi, su kuwa tsofaffin nan sun zauna hira kamar sun shekara da sanin juna. Wai wace ƙasa ta fi sanyaya ruwa, wai yara masu mayar da ragowar ruwa cikin randa, wai ɓarayin moɗa. Iya Habsu ta ce ita daga rijiya mai nisa take ɗebowa a ka, kullum, tun mutuwar ɗanta direba. Gwaggo ta kama hannunta ta riƙe. Da na ciro kuɗi zan ba ta na tulu, kallon da ta yi mini ya sa na mayar da su ban shirya ba.

Bayan la'asar mota ta tashi. Na ɗora tulun a cinya kusa da taga, iska na bugun buhun, in ya fara bushewa in yayyafa. A Matamai muka sauke Ramatu, uwarta ta biyo motar da ƙwaryar fura tana sa albarka.

Damagaram

Ana kiran magariba muka shiga unguwar Birni. Gwaggo Zulai na kwance a ɗaki, ta rame har ban ga kamar da ake cewa suna yi ba. Gwaggo ta yar da sanda a bakin ƙofa.

"Zulai, tashi, raguwa. Ni da ciwon suga na keto ƙasa biyu, ke kina kwance?"

Mara lafiyar ta buɗe ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, kin zo da gurasa?"

Suka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Na ja labule na bar su.

A tsakar gida na tarar da 'yar gidan, ɗiyar Gwaggo Zulai, ta zaro alluran daga tulu za ta jefa su can saman firji inda ake daskarar da ƙanƙara, wai don a girmama baƙi da wuri mafi sanyi. Ihun da na yi sai da kaji suka watse. Muka sa su a ƙasan firjin, ita kuma tun daga nan take tsokanata da Hajiya Mai Tulu.

Duk da haka ban sake ba sai da safe, da na soki yatsan Gwaggo na gwada a 'yar na'urarta. Sugan yana inda ya saba zama. Washegari ma haka, jibi ma haka. Maganin bai mutu ba. Na yi sujada a kan simintin ɗakin, Gwaggo tana cewa, "Oh ni, Uwata, da ma ba ki yarda ba?"

Mun fi mako a can. Kullum Gwaggo ce ke ba ƙanwarta kunu a baki, tana ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya yi jika a Madabo, gida-gida, lungu-lungu. Ranar da za mu taho ba su yi doguwar sallama ba. Gwaggo ta ce, "Na yafe miki, ki yafe mini." Zulai ta ce, "Ba ki yi mini komai ba sai alheri, Yaya."

Komawa

Motar Malam Sale muka sake samu. Wannan karon shi ya buɗe mini ƙofa yana cewa a ba tulu wuri. Ya ba mu labari Ramatu ta sauka lafiya, mace. Akwai ƙanƙara a kula, amma ban saki tulun ba. Muka roƙe shi ya tsaya a tsamiyar nan. Gwaggo ta kai wa Iya Habsu turmin atamfa da sabuwar moɗa mai sarƙa, ta ce ko ɓarayi sa haƙura. Tulun kuwa Iya Habsu ta ƙi karɓa, ta ce kyauta ta yi ba aro ba.

Muka wuce Kongolam da Daura da Kazaure ba wata tangarɗa. Muna shigowa Ƙofar Ruwa wayata ta yi ƙara. 'Yar gidan Damagaram ce. Gwaggo Zulai ta cika. Kafin in faɗa, Gwaggo ta karanta a fuskata. Ta yi innalillahi, ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Alhamdulillahi. Na gan ta, ta gan ni."

Da yamma muka iso Madabo. Mai adaidaitan da ya kawo mu ya ga randar ƙofar gida, ya buɗe zai sha, moɗa ta daki gindinta. Maƙwabta sun yi ƙoƙari, amma zafin ranar ya jawo masu sha da yawa. Gwaggo ta dubi randar, ta fara laluben inda za ta jingine sanda.

Na ce, "Zauna, Gwaggo. Malam, ɗan jira ni."

Ko hijabi ban cire ba na shiga na ɗauko bokiti. Da na fito na tarar ta zauna a dakali, ta kwance buhun tulun Iya Habsu, ta tsiyaya wa mutumin ragowar ruwan da ke ciki. Ya sha ya ce, "Kai, Mama, wannan ruwa da sanyi yake. Allah ya kai ladan kabarin magabata."

Gwaggo ta ce, "Amin. Sunanta Zulai."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Iya Habsu da jami'in nan na Kongolam da Malam Sale, ya raya abin da Ramatu ta haifa, ya jiƙan Gwaggo Zulai.