Ranar da Aka Mayar da Ni Gida da Damin Gero

Ko da zan manta komai a duniyar nan, ba zan manta ranar da mahaifina ya yi sallama a gidan aurena ba. Shekarun yunwar nan ne, damina biyu a jere gero yana bushewa tun bai fid da kai ba. Ina amarya a wani ƙauye kusa da Bici, gidanmu kuma yana can wajen Tsanyawa. Ranar da asuba ruwan shuka ya sauka, duk mai ƙarfi ya saɓi sungumi ya nufi gona.

Ni 'yar fari ce. Baba ko sunana ba ya faɗa, balle ya tako gidan da nake aure. Saboda haka da na ji muryarsa a zaure, sai na san ba lafiya ba. Na ce shi ke nan, ko Inna ta rasu, ko an kai ƙarata, don kwanan baya na yi wa uwar mijina gunaguni a kan daka.

Na kai musu ruwa shi da surukina, na durƙusa na gaishe su. Baba ya amsa yana kallon bango. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na fito, amma sai na laɓe a bayan zana.

To, na ji komai, ban fahimci komai ba. Bayan gaisuwa da barka da ruwa, Baba ya jefo karin magana. Surukina ya mayar masa da wata. Wannan ya kawo ta kaza, wancan ya kawo ta rijiya, suka bi ta kan tururuwa, suka faɗa kan inuwa. Hausa ce dai, wadda na sha a nono, amma wallahi kamar ana magana a cikin tulu. Ba wanda ya ambace ni, ba wanda ya ambaci mutuwa. Can suka yi 'yar dariya, Baba ya miƙe ya ce rana tana yi. Ko ruwan bai taɓa ba.

Fitarsa ke da wuya surukina ya aika aka kira mijina daga gona.

"Ka kai yarinyar nan gidansu yau," in ji shi.

Ai sai na rushe da kuka. Na tare mijina a ɗaki ina tambayarsa laifina, shi kuma bawan Allah yana rantsuwa bai sake ni ba, bai ma san me ake ciki ba. Muna cikin haka na hangi tsohon ya buɗe ƙaramin rumbu, inda ake ajiye iri, wanda ko muna cin tuwon dusa ba mai taɓa shi. Ya sa aka fid da dami biyu aka ɗaura wa jaki. Kaina ya ƙara kullewa. Wace irin kora ce wannan da ake haɗa mutum da gero?

"Amarya ba ta zuwa ganin gida hannu rabbana," in ji surukina. "Tsarabarki ce."

Muka kama hanya, ina tafe ina share hawaye. Ko'ina mutane sun duƙa suna shuka. Sai da muka zo gonarmu na ga ba kowa a cikinta, ko sara ɗaya ba a yi ba. A gida na tarar da Inna tana dafa ganyen tafasa, babu ko garin da za a barbaɗa. Da ta ga damin sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Ita ce ta raɗa mini cewa tun bazara yunwa ta sa suka cinye irinsu, Baba ya zaga garin kaf bai samu ba. Ga ruwa ya sauka, in laimar ta wuce an rasa shekara.

Baba ya fito ya dubi geron, ya dubi Inna, ya ce yarinyar nan ta yi tsaraba, Allah ya yi mata albarka. Washegari har mijina aka yi shukar.

Sai bayan shekaru, na yi 'ya'ya, kunya ta ragu, na tambayi surukina abin da Baba ya roƙe shi ranar. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Roƙo? Gaisuwa ya zo yi. Ni kuma ban ba shi komai ba, ke kika kai tsaraba."

A nan na gane amfanin maganar da na raina a bayan zana. Da Baba ya buɗe baki ya ce a ba shi, da ya samu geron, amma da har ya mutu ba zai ƙara haɗa ido da surukinsa ba. Karin magana ta isar da buƙatarsa ba tare da ta tsiraita shi ba. Yanzu in mutum ya zo mini yana kewaye-kewaye, ba na cewa ya fito fili. Kasa kunne nake yi, don wataƙila mutuncinsa ne kaɗai ya rage masa.