Kumfar da Ba Ta Samu Shaida Ba

A bazarar shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, na je hutu gidan gwaggona a Kazaure. Wata yamma na leƙa ta katangar maƙwabciyarta, wata malamar asibiti, na ga ta tsoma zare ɗaure da sanduna biyu a cikin bokiti, ta ɗaga, iska ta hura, sai ga kumfar sabulu guda ɗaya mai girman tulu tana yawo a tsakar gida. Da na koma garinmu Gwiwa na ba da labari, Yaya Sale ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Binta ta je birni ta koyo ƙarya." Kafin magariba yaran unguwa duk sun ɗauka. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ban taɓa faɗin gaskiya irin ta ranar ba.

Na ɗaura niyyar sai na nuna musu. Na jiƙa sabulun salo a ƙwarya, na roƙi zaren kaɗi a wurin Kaka, na fere karan dawa biyu. Na zuba yauƙin kuɓewa, ya ƙi. Na jiƙa ƙaro, na gwada dargazar magina, har sikarin kokona na sadaukar. Kullum abin da nake samu ruwa ne mai dusa-dusa, zaren ya fito tsirara, yara kuma suna kan katanga suna tambayata ko tulun ya tashi. Kaka ce ta tausaya mini, ta ce, "Ruwan rijiyarmu ba ya shiri da sabulu, 'yar nan. Jira na sama."

Ga shi kuwa shekarar fari ce. Manya suna duban gabas saboda gero, ni ina duba saboda kumfa. Da ruwan ya sauka daga ƙarshe, na tara ƙwarya a indararo, na kaɗa sabulu da yauƙi, na bari ya kwana. Da gari ya waye kowa ya saɓa sungumi ya ɗauki iri, don ba a jinkirta shuka. Har Kaka ta bi su gona. Ni aka bari da renon ƙanena Habu, wanda ko zama bai iya ba.

Na tsoma zaren na ɗaga. Kumfa ta fito a hankali, ta kumbura ta wuce tulu, ta ɗauki launin kore da ja, ta haye saman rumbu. Na kwaɗa kiran Yaya Sale, amma ko akuya ba ta amsa ba. Kafin su dawo kaji sun kifar da ƙwaryar, ruwan sama kuma ya daɗe bai sake zuwa ba.

Yanzu jikokina suna sayen ruwan kumfa a 'yar roba, su hura su manta. Habu ya yi furfura. Duk haɗuwarmu sai na tambaye shi ko ya tuna kumfar nan da ta tashi a gabansa, shi kuma ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ban tuna ba."