Mai Bango da Tukunyar Gam

Yayana ya shekara talatin da ɗaya yana ɗinkin littafi a shago ɗaya, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai hoto da mai gyaran agogo. Shagon ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. Akwai tebur, akwai injin yanka takarda mai dogon hannu, akwai matsi na ƙarfe da yake danne littafi a ciki har gam ya bushe. Ɗalibai suna kawo masa kundin kammala karatu, makarantu suna kawo rajista, tsofaffi kuma su kawo ƙamus ɗin da ya rabu da bangonsa tun ba a haife ni ba. Duk layin Mai Bango ake ce masa. Ni kaina da nake ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, in na ji an kira sunansa na yanka sai na waiga in ga da wa ake.

Mutum ne da magana take yi wa wuya. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, takan ce rabon maganarsa ni na haɗa da nawa na cinye, ban kuma taɓa musa mata ba. Ni malamar firamare ce, 'yan aji uku nake koyarwa. Shekara ashirin ina tambayar yara wa ya fasa, wa ya zubar, wa ya fara, har abin ya zame mini jiki.

Ciwon ya daɗe tare da Yaya kafin ya sami suna. Ƙuraje ne ƙanana masu ruwa, suna fitowa a gungu a gwiwar hannu, a gwiwar ƙafa, a ƙeya, da wurin zama. In sun fito a dama sai sun fito a hagu, kamar da rula aka auna. Kafin su fito wurin yakan yi raɗaɗi, sannan ƙaiƙayi ya biyo baya, irin wanda ba ya jin susa. Da wuya a ga ƙurajen da ruwansu, domin kafin a ankara ya sosa su sun fashe. Abin da ake gani ɓawo ne da tabo, da ɗigon jini a hannun riga. Ya daina zama a kujera, ya koma ɗinki a tsaye. An ce ƙazuwa ce, aka tafasa kayan shimfiɗa. An ce sabulu ne, aka canza. Man shafawa kuwa, da za a tara kwalabensa da sun cika bokiti. Ga ciki kullum a kumbure, ga rama, ga gajiya, amma wa zai haɗa ciki da gwiwar hannu?

Wata likitar fata ce ta haɗa su. Ta yanki fata ɗan kaɗan daga gefen ƙurajen, ta sa aka ɗebi jini, bayan sati uku ta ce sunan cutar siliyak. Ta ce akwai wani sinadari a cikin alkama da sha'ir da ake kira gulutin, wanda jikinsa ya ɗauka abokin gaba ne. In ya ci, hanjinsa ya ji ciwo, fatarsa ta kai ƙara. Ta ba shi ƙwayar da za ta rage ƙaiƙayin, amma ta ce maganin gaske shi ne ya rabu da alkama har ƙarshen ransa: burodi, taliya, biskit, duk abin da fulawa ta shiga, ko da burbushi ne. Taɓawa ba komai, in ji ta, haɗiya ce matsalar. Ni na raka shi ranar. Ya ce to. A hanyar komawa ya tsaya ya sayi zare.

Matarsa ce ta ɗauki abin a kanta. Tela ce, kekenta yana falo kusa da taga, mace mai sanyin murya. Shekararsu ashirin da shida da aure, 'ya'yansu uku duk sun bar gida. Muna wasa da ita sosai a da. Ina ce mata matarmu, ita kuma tana ce mini Hedimasta, ko da yake har yau ba a ba ni kujerar ba.

A kwana biyu ta juye kicin ɗinta. Ragowar fulawa da taliya ta raba wa maƙwabta. Ta sayi sabuwar rariya, sabon cokalin katako, sabon kasko. Ita ma ta daina cin burodi, wai kada ƙamshinsa ya dame shi. In ta shiga kanti sai ta sa tabarau ta tsaya tana karanta ƙananan rubutun da ke bayan gwangwani har mai kantin ya fara gyaran murya. Ta daina kai niƙa inji, don ba ta san abin da aka niƙa kafin nata ba. Shinkafa, dankali, wake, masara, kifi, ƙwai, haka take jujjuya su. Hannu kuwa tana wanke shi har tsakanin yatsunta ya tsattsage, zare yana kama wurin in tana ɗinki.

Bayan wata shida aka sake gwada jini. Likita ta ce fata takan ɗauki lokaci kafin ta lafa, wannan bai dame ta ba, jinin ne ya dame ta. Bai sauka ba ko kaɗan. Ta ce har yanzu alkama tana shiga bakinsa, kuma ba sau ɗaya ba. In aka ci gaba haka hanjin ba zai warke ba.

Daga asibiti gidansa na wuce. Na shiga kicin ɗin matar mutane kamar na shiga aji, na buɗe kowace roba, na juya kowane gwangwani. Ban sami komai ba. Da na ƙi haƙura na ja durowar kekenta, sai ga rabin ledar biskit a cikin maɓallai. Ta ce na yaran masu kawo ɗinki ne, tana ba su don su bar mata almakashi, kuma ba ya kusantar kicin. Na ɗauko shi na ajiye a tsakiyar tebur, a gaban Yaya da babbar 'yarsu da ta zo jin sakamako.

Na ce, "Mutumin da yake ci daga hannu ɗaya, in ya sha guba ba a tambayar maƙwabta."

Ba ta kalle ni ba. Yaya ta kalla. Shi kuwa yana tsaye jikin ƙofa yana susar gwiwar hannu ta cikin riga, idonsa a ƙasa. An jima ya ce yana da littafi a cikin matsi, ya fita.

Bayan sati guda ta koma gidan babbar 'yar, a can wani gefen gari, wai za ta taya ta rainon jariri. Ba faɗa, ba kuka. Da na ga ta tafi da keken ɗinkin na san ba raino ba ne kawai, amma ban damu ba a lokacin. Na ce ma gara, yanzu za a ga gaskiya.

Girkin ya dawo hannuna. Wata biyu ina yi, da tukunyar da ba ta taɓa ganin fulawa ba, ina kai masa da kaina in an tashi daga makaranta. A cikin wata na biyu sababbin ƙuraje suka fito masa a ƙeya da kafaɗa. Tunda ba zan zargi kaina ba, sai na koma zarginsa. Na ce lalle yana sayen burodi a ɓoye ya ci da shayin safe. Da aka ba mu hutu na yi sammako na je shagon don in kama shi.

Ƙofar a buɗe take rabi. Yana tsugune a bayanta gaban ɗan risho, da wata ƙaramar tukunya da ta yi baƙi ƙirin ta waje, yana dama wani abu fari da guntun katako. Ban taɓa zuwa shagon da safe ba, ban taɓa ganin tukunyar a kan wuta ba. Ya tsoma yatsa, ya murza da babban yatsa, ya kai harshe. Ya lumshe ido, ya ƙara ruwa, ya ci gaba da damawa. Ya sake tsomawa ya kai harshe. Sai da ya yi sau uku na yi sallama.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Gam."

"Da me ake yin sa?"

"Fulawa da ruwa." Ya nuna wani ɗan buhu a ƙarƙashin tebur da haɓa. Da ya ga irin kallon da nake yi masa sai ya ce, "Ai wannan ba abinci ba ne. Aiki ne."

Ranar ya yi doguwar maganar da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce haka maigidansa ya koya masa tun yana yaro: ido yana ruɗar mutum, yatsa ma haka, harshe ne kaɗai yake faɗa maka ko fulawar ta dahu. In da sauran ɗanye gam zai yi tsami a cikin littafi, bango ya lanƙwashe. Gam ɗin kanti kuma yana bushewa ya yi tauri, bayan littafi ya karye. Ya ce likita ta ce taɓawa ba komai, shi kuma ba ci yake yi ba, ɗanɗanawa ce kawai. Na zauna ina kallonsa yana aiki. Da hannun da gam ya bushe a kai yake lasar yatsa ya buɗe shafi, da shi yake kai zare baki ya jiƙa kafin ya zura a allura. Bai ma san yana yi ba.

Na jira fushi ya zo, bai zo ba. Na jira kunya, ita ma shiru. Ina zaune a kan ɗaurin kwali, kular abincinsa a cinyata, ban ji komai ba sai ƙarar agogunan maƙwabcinsa ta cikin katanga. Laifi tudu ne, in ji masu magana, na daɗe ina koya wa yara wannan.

Gyaran bai ɗauki sati ba. Ya koma dama gam da sitacin shinkafa, ya ajiye soso a jiƙe a cikin murfin gwangwani don yatsa da zare. Ya yi ta ƙorafin cewa sabon ba ya kamawa kamar na da, amma ba wanda ya dawo da littafi. Bayan wata huɗu likita ta ce jini ya fara sauka. Ciki ya sace, ƙurajen suka riƙa yin nisa da juna.

Ban jira wannan ba, washegarin ranar da na ga tukunyar na tafi wurin matarsa. Na same ta a barandar gidan 'yarta tana ɗinka rigar makarantar wani yaro. Na faɗa mata komai, tukunyar, harshen, buhun da ke ƙarƙashin tebur. Na ce na zalunce ta, ta yafe mini. Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layin. Ta ciji zare, ta karkaɗe rigar.

Ta ce, "Ke na yafe miki tun ranar, Hedimasta. Halinki ne, kowa ya sani." Ta ninke rigar ta ajiye. "Shi na kalla. Shekara ashirin da shida yana ci daga hannuna. Magana ɗaya nake jira ya faɗa, ya ce, 'Ba ita ba ce.'"

Daga nan ta shiga tambayata abin da nake dafa masa, da wane mai, da wane kayan ɗanɗano, ko ina duba bayan kwalin. Ta ce wakena ba ya dahuwa, tun tana amarya ta san haka, zai ƙara masa ciwon ciki. Ta ce daga gobe in riƙa biyowa ina karɓar abincinsa, ita za ta dafa.

Na ce, "To ai gara ki dawo kawai, Anti."

Ta ce, "Abinci zai zo. Ni ce ba zan zo ba."

Na kai wa Yaya maganar yadda take, ban rage ba. Na ce ya je ya buɗe baki ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun ranar. Ya je sau biyu. 'Yarsa ta ce mini ya zauna, an gaisa, ya ɗauki jariri, ya tambayi ko ana samun ruwa a unguwar, ya tashi. Daga baya ya tsinci tsohon littafin da matarsa take rubuta awon masu ɗinki a ciki, wanda ta manta a gida, shafukansa duk sun zube. Ya jera su, ya ɗinke, ya sa masa bango shuɗi mai kauri, ya ba ni in kai mata. Ta juya shi gaba da baya, ta buɗe tsakiya ta duba zaren. Ta ce ɗinkin ya yi kyau. Ta ajiye shi a kan taga ta miƙo mini kula.

Asabar ɗin da ta wuce 'yar ta zo da motar ɗaukar kaya don kwashe sauran kayan uwarta, kabad ɗin tufafi da akwatuna biyu da madubi. Kular abincin ranar a gaban motar ta zo, an ɗaure murfinta da tsumma mai tsabta. Yaya da kansa ya kama aka loda kayan. Ya naɗe madubin da bargo, ya sa kwali a kusurwoyin kabad ɗin don kada su goge, ya ja igiya ya ƙulle, ya girgiza ya ji ba abin da yake motsi. Ya ce wa direban ya bi a hankali wurin ramuka.

Da motar ta sha kwana ya shiga ciki ya wanke hannu. Ya zauna a falon da ya koma fili, ya kwance tsumman, ya buɗe kular. Shinkafa ce da kifi, ta cire masa ƙaya. Ya cinye tas.