Likkafanin Iya da Bargon Ladidi

Ƙiiii. Ƙarar murfin adakar Iya ke nan, kuma daga ita komai ya fara. Tsohuwar adakar ƙarfe ce, murfinta ba ya buɗuwa sai ya yi kuka, kuma kowa a gidanmu ya san ba a buɗe ta sai da dalili. Ina tsugune ina hura wuta bayan sallar magariba na ji ƙarar, na ɗaga kai.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Wannan ce shekararmu ta farko a sabon matsuguni, bayan an tashe mu daga garinmu saboda ruwan dam ɗin Tiga. Shekarata goma. Mun kwaso tukwane da turmi da ƙofofi, har da azarar ɗakuna, amma akwai abin da bai kwasu ba: gadon ƙasa na Iya, wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa ya kwana da ɗumi. A kansa duk yaron gidanmu yake jinya. Can muka baro shi, ruwa ya hau kansa. A sabon wuri ɗakunan zana muke kwana, Baba yana ta buga tubali amma gini bai kai ko'ina ba. Sanyin bakin ruwa kuwa daban yake da wanda muka sani. Ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema.

Ƙanwata Ladidi, 'yar shekara huɗu, ta tashi daga ƙyanda. Ƙurajen sun bushe, amma tari ya ƙi sakin ta. Da rana ta ɗan yi wasa, da sanyi ya sauko sai ka ji ƙirjinta yana ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa.

Abin da Iya ta fito da shi daga adaka farin alawayyo ne a ninke, yana ƙamshin kanumfari. Inna, mahaifiyarmu, tana ganin sa ta saki muciya.

"Innalillahi! Iya, wannan ai..."

"Na san ko mene ne. Ni na ajiye shi."

Likkafaninta ne. Ƙaninta ya kawo mata shi daga Makka, ya jiƙa shi da ruwan zamzam ya shanya a can. Shekara goma sha ɗaya yana cikin adakar. Ta ce bargo za ta ɗinka wa Ladidi: sama a harhaɗa ƙyallaye, tsakiya a shimfiɗa audugar da ta gurza, shafin ciki kuwa, wanda zai riƙe audugar ya kuma taɓa fatar yarinya, sai ƙyalle mai ƙwari wanda bai mutu ba. Babu irinsa a gidan sai wannan.

Baba ɗan farin Iya ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Ko suna zaune a tsakar gida ɗaya, ni ce 'yar aike. Da labari ya kai masa ya zo ya tsaya a bakin zana.

"Saude, ki ce wa Iya ta yi haƙuri ta mai da shi. Ran kasuwar Kiru zan nemo bargo."

Iya ba ta ɗaga kai ba. "Ki ce wa wancan, kasuwa uku ke nan yana nemo bargon."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ba laifinsa ba ne. Damina ba ta yi kyau ba, hatsin da muka zo da shi bai kai a taɓa a sayar ba.

"Ki ce mata likkafani ne. Ba a lulluɓa wa mai rai."

"Ki tambaye shi, an rubuta a jiki? Ƙyalle ne. Sai na shiga ciki zai zama likkafani, ni kuwa ga ni zaune ina cin gorona."

Ladidi ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta juye tari, ta yi ta yi har ta shiɗe. Baba ya tsaya yana kallon ta. Bai sake ba ni wani saƙo ba, ya juya ya fita.

Samun lokacin ɗinkin shi ne aiki. Da rana babu mai zama. Inna tana daka, tana ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, tana koyon ƙyafe kifi, abin da ba mu gada ba. Iya tana jinya, tana tsince hatsi, tana tsaron tubali kada awaki su tattake. Abin da ya rage mana shi ne tsakanin magariba da lisha, a gaban wutar karan dawa. Idon Iya ba ya ganin kafar allura, ni nake zura mata zare, 'ya'yan maƙwabta biyu su riƙe gefen ƙyalle ya miƙe. Ladanmu tatsuniya. Amma ta sa doka: tatsuniya tsawon zare ce. Zare ya ƙare, sai ta rufe baki ko da a tsakiyar magana ne, sai na zura wani. Ban taɓa saurin zura allura irin na kwanakin nan ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake yi. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe." Mu ce, "Ta ƙaraso, ga tabarma."

Wadda ta yi mana a kan bargon ita ce ta wata mace mai 'ya'ya bakwai da mayafi ɗaya. A garinsu Ɗari mutum ne, dogo siriri, ba ya sallama. Gida gida yake bi yana ƙirga ƙafafu, duk ƙafar da ya samu a wajen mayafi, mai ita nasa ne. Matar nan wuni take tana yi wa mutane daka, ba ta samun zama sai rana ta faɗi, sannan ta ƙara wa mayafin ƙyalle ɗaya. Yau ta ɗinka kallabinta, gobe hannun rigarta, jibi gyalenta. Kullum Ɗari ya shigo sai ya tarar ta kwanta a kan ƙafafun da mayafi bai kai ba, ya yi tsaki ya fita.

Iya ta ja tatsuniyar nan kusan kwana ashirin. Kowane ɗa da sunansa da halinsa, har da wani mai shure-shure cikin barci da ta ce ni ce. Idan ta zo wurin Ɗari sai ta ƙanƙance murya, ta sa yatsa tana taɓa ƙafafunmu. "Ɗaya. Biyu. Wannan ta waye mai kaushi haka?" Mu yi ihu mu naɗe ƙafa.

Ranar da ta kai ƙarshe babu wanda ya yi dariya. Matar ta yage zanen jikinta ta ɗinka, mayafi ya rufe ƙafa goma sha huɗu cif. Gajiya ta kwashe ta, ta jingina da bango barci ya ɗauke ta. Ɗari ya shigo ya duba, bai ga ƙafar yaro ko ɗaya ba, sai ƙafa biyu a bakin ƙofa. "Babbar 'yar idonta biyu," in ji Iya. "Ta ga ƙafar uwar a waje. Ta ce a ranta, bari gari ya waye in yi magana." Gari ya waye, uwa ba ta tashi ba.

"Iya, ba daɗi," in ji Ladidi. "Ki sake ta."

"Ba ni na yi ta ba, ƙawata. Haka na same ta."

Bargon ya fito da nauyi, samansa kala-kala, da tsohuwar atamfar Inna da gefen rigar Baba da ƙyallayen da matan unguwa suka turo, cikinsa fari fat. Tun kwanan farko Ladidi ta yi barci a ƙarƙashinsa har asuba. Cikin kwana uku ta fara shan kunu da kanta. Inna dai ba ta son kallon farin gefen. Kullum sai ta gyara shi ya ɓuya.

Ranar da Iya ta yi ɗinkin ƙarshe mu biyu ne a gaban wuta. Ta datse zare da haƙori, ta miƙo mini allura.

"Saude, ki faɗa wa wancan, ko na mutu kada a taɓa bargon nan. A sa ni a ko wane fari aka samu. Allah zai gane ni."

Na ce, "To, Iya."

Ban faɗa ba. Ta yaya zan tsaya gaban Baba in ambaci mutuwar mahaifiyarsa? Na ce sai ya dawo daga bakin ruwa. Ya dawo a gajiye, na ce sai gobe. Gobe na gan shi da baƙi. Iya kuwa ta ɗauka saƙo ya isa, domin ban taɓa riƙe mata saƙo ba. Ashe tun muna ɗinki zazzaɓi yake cin ta, ta ɓoye. Kwana biyar tsakani, da hantsi, ta cika da kalmar shahada a bakinta, kanta a cinyar Inna.

Gida ya cika da mutane. Baba ya shigo tsakar gida tare da liman da wasu dattawa, idonsa jawur. Ya ce, "Abu ɗaya ta ajiye wa kanta a duniya. Kabarin mijinta yana ƙarƙashin ruwa, ba za ta kwanta kusa da shi ba. To, ba za ta rasa wannan ma ba. A farke bargon a ba ta kayanta."

Tsofaffin mata suka ce ya yi tunani, Allah Ya yi masa albarka. Inna kuwa na ga kamar an sauke mata wani kaya. Wata a cikin tsofaffin ta ce, "Saude ce ta san bakin ɗinkin." Aka miƙo mini reza.

Maganar tana nan a bakina, kalma kalma, yadda Iya ta faɗa. Na dubi Baba, na dubi rawanin liman, na dubi mutanen da ban taɓa ɗaga murya a gabansu ba. Idan na faɗa yanzu, za a tambaye ni me ya sa na yi shiru kwana biyar. Na sunkuyar da kai na karɓi reza.

Abin da muka yi kwana ashirin muna ɗinkawa, kafin a gama haƙa kabari na warware shi. Auduga ta zube a tabarma dunƙule dunƙule. Aka kakkaɓe farin, aka turara shi, aka shiga da shi ɗaki. Iya ce ta fara kwanciya a sabuwar maƙabartarmu.

Ba a yi sakaci da Ladidi ba, wannan dole in faɗa. Inna ta tara mata duk zanen da ke gidan, Baba ya sayar da akuya ya kawo bargo daga Kiru ran kasuwar da ta biyo. Amma kwana huɗun da ke tsakani an yi sanyin da ban sake ganin irinsa ba, tarin ya koma ƙirji ya zauna. An kai ta asibiti a bayan keke, an yi mata allura, an dawo da ita. Kwana goma sha biyu bayan Iya, aka haƙa ɗan ƙaramin kabari a gefen nata.

Daga baya an sa ni makaranta har na yi sakandare, na ji sunan ciwon, na ji yana kashe yara ko a cikin ɗakin siminti. Na kuma sani, na yi imani, kwanan mutum ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ajalin Ladidi na Allah ne. Amma shirun nawa ne, kuma amana ce aka ba ni. Ban taɓa faɗa wa Baba ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Da farko tsoro ne. Da na girma sai na ga idan na faɗa, kayan da nake ɗauke da su zan ɗora wa tsoho. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Ina dai neman gafara.

Shekaru na ɗauka tatsuniyar Iya labarin uwa ce mai bayar da komai nata. Sai da na haifi nawa na gane akwai mutum biyu a cikinta, kuma ba uwar aka ba ni in koya ba. Ban ce Iya ta hango ba, ba ta san gaibu ba. Ta dai san yara, ta san yadda muke tarbiyyar su su yi shiru gaban manya har su kasa bambance ladabi da tsoro. Shi ya sa a gidana ba a ce wa yaro rufe mana baki sai an ji abin da ya zo da shi.

Ɗinkin ma ban bari ba. Lokaci dai har yau babu shi, tsakanin girki da wanki da jikoki sai dai a sata. Ina da kwandon ƙyallaye a gefen murhu, tukunya tana tafasa in yi layi biyu, bayan la'asar in ƙara uku. Bargo ɗaya yakan ci mini wata huɗu. Idan na gama sai in nemi gidan da na ji yaro yana tari.

Akwai abin da na tsallake. Ranar da aka binne Iya, da yamma, na shiga ɗaki na tarar da Ladidi kwance da ɓawon bargon, ƙyallaye kawai, iska tana ratsa su. Na zauna kusa da ita kuka ya ƙwace mini. Ta fito da hannunta mai zafi ta dafa gwiwata.

"Yaya, ki daina kuka. Ba ƙwacewa aka yi ba, ni na ara wa Iya. In ta ji ɗumi za ta dawo mini da shi."