Kwalayena Sun Riga Ni Isa Gida

A shekarar da na gama karatu a Alƙahira, ba zancen da ake yi a gidajen ɗalibai sai na wani babban kamfanin fasaha da ke neman inda zai kafa hedikwatarsa ta Afirka. Birane sai kokawa suke a kansa. Wannan ya ce zai ba da fili kyauta, wancan ya ce zai yafe haraji, wani ma har da alkawarin cewa ba za a taɓa ɗauke masa wuta ba. Alƙahira na ciki, da Legas, da Nairobi. Ni abu ɗaya ya shiga kunnena: an ce in sun zo za su ɗebi masu jin Hausa da Larabci su koya wa na'ura harshen mutane. To, wa ya fi ni?

A Kano kuwa Baba na jira. Malami ne, yana karantar da matan unguwa a zaurenmu, kuma tun ranar da ya raka ni filin jirgi ya ce ajin nawa ne in na dawo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Duk Juma'a tambayar ɗaya ce: "Uwata, yaushe?" Ni kuma in ce, "Baba, saura 'yan takardu." Ina son Baba, ina son aikin nan, kuma na san ba zan samu duka biyun ba.

A watannin nan zama ya gagare ni. In shiga jirgin ƙasa daga unguwarmu Ainu Shams ba tare da wata buƙata ba, in sauka unguwar Ma'adi, in yi ta zagaya dogayen gine-ginen gilashi ina zaɓar wanda zai dace da su. Waya na hannuna ko ina cin abinci. Yau a ce tawagarsu ta zo duba fili, gobe a ce a'a, Nairobi suka nufa. Na shiga ajin koyon kwamfuta, na kwafi darussan malamin gaba ɗaya, na kai wa mai ɗinkin littattafai da ke yi mana aiki tun shekarar farko. Bawan Allah bai san wani bango ba sai guda: baƙi, da zanen ruwan zinari. Haka ya yi wa darussan kwamfuta, suka fito kamar littafin fiƙihu.

Muna da wata al'ada. Ɗalibi ba ya hawa jirgi da littattafansa, sun yi nauyi. Ɗaure su ake a kwali, a rubuta suna, a haɗa da kayan masu tafiya a tura tun da wuri. A gida kuma isowar kwalaye ita ce sanarwa: littattafai sun iso, mai su na hanya. Nawa na ɗaure su tun bayan jarrabawa, na jera su a bayan ƙofa, na ƙi aikawa.

Wata rana na dawo daga Ma'adi na tarar bayan ƙofa wayam. Abokiyar zamana, 'yar Damagaram ce da ke shirin komawa gida, tana ta murmushi.

"Khalas, shi ke nan, na hutar da ke," in ji ta. "Motar kaya ta zo, na haɗa da naki. Har littafin da kika manta a kan gado na cusa."

"Wa ya aike ki?"

"Kwali a ɗaure da suna, ai na tafiya ne."

Na yi mata tas, Allah ya yafe mini. Ita dai "ma'alish" kawai take ta cewa, wato in yi haƙuri. Kuma da gaskiyarta, duk wanda ya ga kwali a ɗaure haka zai yi. Na kan gadon nan darussan kwamfutata ne.

Daga nan na shiga tsere da kwalayena. Addu'ata ita ce kamfanin ya faɗi birninsa kafin su isa Kano. Kamfani kuwa ko a jikinsa. Aka ɗaga sanarwa, aka sake ɗagawa, wai biranen sun ƙara tayi. Manyan birane da ministocinsu suna jira, ni ma 'yar Malam ina jira a layi ɗaya da su, abin dariya.

Kwalaye suka riga. Ƙanwar Baba, Gwaggo, ita ta kira ni ta bidiyo da hantsi, ta miƙa masa wayar. Yana zaune a zaure, an kafa sabuwar kanta a bango, littattafaina a jere. Murna har ta hana shi zama daidai.

"Uwata, kin yi ƙoƙari. Bugun Masar daban ne. Dubi wannan."

Ya ɗauko wani mai baƙin bango, ya shafa zanen zinarin da yatsa, ya sumbace shi, ya buɗe ya nuna mini. Darussan kwamfuta ne, da Turanci, kuma a juye ya riƙe su. Mutumin da ya koya mini baƙi da wasali.

"Rubutun ya ɗan yi ƙanƙanta," in ji shi. "In kin zo kya karanta mana."

Gwaggo ta karɓi wayar ta fita tsakar gida. Ta yi ƙasa da murya ta ce tun bayan sallar layya idon Baba ya tafi, da ka yake karantar da matan, kuma shi ya hana a gaya mini don kada a ɗaga mini hankali ina jarrabawa. Tsoro ya kama ni, da haushin kowa, har da na kaina.

Na baro Alƙahira kamfanin bai zaɓi kowa ba. Da sanarwar ta fito daga baya, 'yar Damagaram ta turo mini. Ina zaure a lokacin, ina karanta littafin darasi, Baba yana fassara wa mata, sai bayan la'asar na duba. Littafin kwamfutar nan kuwa yana saman kanta, inda ya ce a ajiye shi. Wani lokaci yakan tambaya yaushe za mu fara shi, in ce, "Baba, sai mun sauke wannan da muke karantawa."